Ƙwanson Ganye-Huɗu

Shekarar da fara ta sauka a kwarin Gulbin Maraɗi, hatsi ya riga ya fid da kai, har mutane sun fara gyaran rumbuna. Yini guda ta yi a gonakin Tsibiri. Da ta tashi, kara kawai ta bari a tsaye.

Nomau yana cikin Annan da ke zaune a bayan garin, masu bin tsafin kakanninsu. Abin da ya tsinta a gonarsa bai rufe gindin rumbu ba. Bai gama tunanin yadda zai yi ba sai ga gardi, dogarin gwamnati, bisa doki, ya zo ɗibar maza aikin hanyar da kumandan na Faransawa ke son a fasa. Ba a tambayi kowa ko yana da abin da zai bar wa iyali ba. Nomau ya saɓa gatari ya bi ayari, ya bar mata uku a gida: uwarsa Dada, matarsa Tani, da ɗiyarsu Lami wadda ta fara famfara a shekarar.

Sanyi ya wuce suna cin abin da kowa ke ci. Tani ta jiƙa 'ya'yan anza har ɗacin ya fita, ta dafa ganyen jiga, ta tona gidajen tururuwa ta kwashe ƙwayar da suka tara. Akuyar da ta rage aka musanya da hatsin da bai kai su ko'ina ba. Da bazara ta kunno kai, anza ta ƙare a daji, gidajen tururuwa duk an tone, ko ƙarangiya mata sun share.

Wata rana da hantsi Tani ta komo da ƙwarya wayam. Ta kife ta a bakin ɗaki ta zauna a ƙasa. Lami ta zo ta ɗaga ƙwaryar ta leƙa, ta mayar.

Dada ta jima tana kallonsu daga inuwar zana, sannan ta ce wa Tani, "Ɗiyata, matso ki ji. An yi wata yunwa ina 'yar ƙarama, tun Nasara ba su zo ba, can garinmu Jiratawa. Akwai wata ciyawa ta bakin tabki, ganye-huɗu muke ce mata. Ba ta fure, ba ta fid da kai. In ruwa ya janye, ki dubi gindinta, za ki ga 'yan ƙwanso manne da ƙasa kamar ƙananan wake. Da shi uwata ta riƙe mu."

"Yaya ake yin shi, Dada?"

"Daka shi ake yi. Na tuna turmi, na tuna muna sha da ludayi. Sauran ban riƙe ba. Ban fi Lami ba a lokacin."

Yamma da Tsibiri akwai wani tabki mai gindin yashi da ke ƙafewa tun kaka. A nan Tani ta sami ciyawar. Ganyen ya bushe ya ƙanƙance, ga gashi-gashi a jikinsa, sai mutum ya durƙusa yake gane huɗu ne. A gindin kowane tsiro kuwa ga ƙwanson, ƙanana, masu tauri kamar tsakuwa. Ta yini tana rarrafe tana tsinta. Da ta kawo gida ta daka har kafaɗunta suka ƙage, ta zuba ruwa. Garin ya kumbura ya yi yauƙi. Waɗanda taɓarya ba ta fasa ba, ruwa ya tsaga su, wani abu garai-garai kamar tsutsa ya miƙo daga ciki da 'yan ƙwayoyi rataye a jikinsa. Lami ta yi tsalle da baya tana cewa abin na da rai. Dada ta yi dariya, karo na farko tun tafiyar ɗanta.

Ba ɗanɗano, ba ƙamshi, amma ya cika ciki. Daga ranar kullum Tani na tabki. Abin da ta samo sai ta raba wa tsohuwa da yarinya kusan duka, ita ta haɗa ɗan ragowar da ganye ta ci. Maƙwabta suka ga hayaniyar turmi a gidan, suka bi ta su ma.

Wata bai cika ba ƙafafun Dada suka kumbura. In an danna da yatsa, ramin ya daɗe bai cike ba. Lami kuma ta fara tuntuɓe a fili. Ta ce tururuwa na tafiya cikin ƙafafunta, Tani ta duba ba ta ga komai ba. Ta ɗauka yunwa ce ba ta sake su ba, sai ta ƙara wa yarinyar ludayi a kan nata. Wata safiya Lami ta yunƙura za ta tashi daga tabarma, gwiwoyinta suka lanƙwashe. Ta sake, ta sake faɗuwa. Ta ɗago kai ta dubi uwarta.

"Sun ƙi," ta ce.

Dada, da numfashi ke yi wa wuya ko zaune take, ta ce wataƙila sun ɗebi kayan iskar da ke riƙe da tabkin ba su roƙa ba. Ba zakaran da za a yanka a duk unguwar. Tani ta cire munduwarta ta aure ta kai bakin tabki ta binne, ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ba abin da ya sauya. A gidan maƙwabta ma wani dattijo ya kwanta da irin ciwon.

Tana da 'yar'uwa a Maraɗi, Atika, ɗiyar yayar uwarta, wadda ta musulunta ta auri wani marini mai suna Gado. Tani ta roƙi wata maƙwabciya ta riƙa leƙa Dada. Ta goya Lami, ƙafafun yarinyar na reto har gwiwarta, ta ƙulle ɗan ƙwanson a bakin zane, ta kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.

Maraɗi a lokacin tana cikin kwari, kusa da gulbi. Tun daga bakin gari ta ga baƙi daga arewa kwance gindin itatuwa, wasu ba su iya korar ƙuda. Ta fara biyawa bariki ko za ta ji labarin mijinta. Wani gardi a ƙofa ya ce masu aikin hanya sun yi nisa gabas, ba wanda ya san ranar komowarsu. Ta wuce unguwar marina. Rabin karofin a bushe yake, don ba mai kawo rini.

Atika ta kusa wuce ta ba ta gane ta ba. Da ta gane, ta yi salati, ta kwance mata goyon da kanta.

"Tani, ke ce haka? Mi ya sami ɗiyar nan?"

"Yaya, ban sani ba. Tana ci. Kullum sai cikinta ya cika. Amma jikin zubewa yake yi."

Atika ta shiga madafa ta fito da kunu a ƙoƙo, tana kau da kai don kunya. "Dusa ce. Ita muke sha mu ma. Da can jakinmu ya fi mu cin mai kyau."

Lami ta shanye ta lashe ƙoƙon. Tani ta kwance bakin zane ta nuna abin da suke ci. Atika ta jujjuya shi a tafin hannu.

"Mu cikin gari ba mu san shi ba. Amma matan Jiratawa da ke kawo tushen bado kasuwa na ji suna cewa ganye-huɗu ke riƙe da su. Kuma da ƙafafunsu suke zuwa, su koma."

Tani ta miƙe nan take ta kama neman majanyi. Gado, da ke zaune a zaure yana jin su, ya yi gyaran murya.

"Ki bar yarinyar nan. Ke kanki iska na iya kada ki. Abin da 'ya'yana suka sha za ta sha."

Ba ta taɓa kwana nesa da Lami ba. Yarinyar ta riƙe mata zane sai da Atika ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Har Tani ta fita daga unguwar tana jin kukanta.

Ta bi gefen gulbi ta yi kudu. Babu ruwa a cikinsa sai yashi, amma kusa da Jiratawa ƙasa ta sauya, ta zama baƙar laka mai tsagewa. A can akwai babban tabki da bai gama ƙafewa ba. Mata na durƙushe a gefensa suna tsinta, maza biyu riƙe da sanduna suna tsaye a kan hanya. Suka tare ta. Ta ce ita surukar Dada ce, Dada ɗiyar Kabo masunci, wadda aka kai aure Tsibiri. Ɗayansu ya kai ta gindin wani gawo inda wani tsoho ke zaune. Maidawa ke nan, mai kula da tsafin tabkin.

"Kabo," in ji shi, yana jinjina kai. "Shi ya koya mini jefa mashi. Dada na da rai?"

"Da rai na bar ta, Baba. Ban san yanzu ba."

Ta ba shi labari, ta zube masa ƙwanson. Ya ɗauki ɗaya ya sa a dutse ya fasa. Kusan duk ɓawo ne, sai ɗan ƙura-ƙura a ciki.

"Wanga na yashi ne. Ruwa na gudu ya bar shi, sai ya yi gaggawa ya nuna bai tara komi ba. Taso."

Ya dogara sanda ya kai ta bakin ruwa. A cikin ruwan ganyen na shimfiɗe a sama, faffaɗa, mai sulɓi, da dogon kara. Ya tumɓuke ɗaya ya nuna mata gindin. Ba ƙwanso ko ɗaya.

"Muddin tana cikin ruwa ba ta tunanin haihuwa. Sai ta ji laka ta fara kama ta."

Suka ɗan ja baya inda lakar ke da danshi. Nan ganyen ya rage girma, ƙwanson kore ne mai taushi, da ya matse shi wani farin ruwa ya fito. Ya ce wannan bai kai ba, ko akuya ba a ba. Sai can inda ƙasa ta tsage ya sa yatsa cikin tsagar ya zaro wani baƙi, mai ƙiba, ya ninka nata girma. Ya fasa. Ciki ga wasu fararen ƙwayoyi jere kamar ƙwan tururuwa, ga kuma wani gari rawaya mai laushi kewaye da su.

"Kin ga iri biyu ne a ɗaki guda. In damina ta komo, ruwa ya buɗe ƙwanson, sai sun haɗu sannan sabuwa ke tsirowa. Fararen nan su ne abinci. Naki na Tsibiri garin ya fi yawa, fararen 'yan kaɗan ne, su ma a tsotse." Ya share hannu a riga. "Kun daɗe kuna gasawa kuwa? Na yashi na son wuta sosai."

Tani ta dube shi. "Gasawa?"

Tsohon ya tsaya cak. "Ɗanye kuka sha?"

"Daka shi nake yi, in zuba ruwa."

"Kai! Ɗanye cin mutum yake yi. Ya cika miki ciki, ya bi jijiya yana zuƙe ƙarfi. A kasko ake sa shi da yashi mai zafi har ya yi ƙamshi, a daka, a sheƙe ɓawon, a wanke garin da ruwa mai yawa, sannan a dafa. Wa ya fi sha a gidanku?"

Tani ta zauna a kan lakar. Ludayin nan da take ɗebowa daga nata tana juye wa Lami, shi take gani. Ta sa hannu biyu a ka, bakinta a buɗe, kuka ya ƙi fita. Matan da ke tsinta suka ɗago suka dube ta, suka mai da kai ga aikinsu.

Da ta dawo hayyacinta ta rarrafa ta kama ƙafar Maidawa. "Baba, bar ni in tsinta. Ƙwarya guda. Rabin ƙwarya."

Ya janye ƙafar a hankali. "Ba ni iyawa. Jiya mutanen gari suka kori ƙanen matata daga nan. Abin da ya rage ba ya kai mu ruwan farko. In na bar ki, gobe Tsibiri duka na nan."

"Ɗiyata ba ta tahiya. Dada na mutuwa."

"Na ji."

Sannan ya nuna gabas da haɓa, inda wata babbar tsamiya ta yi duhu a wani lungu da gulbi ya taɓa bi ya bari.

"Can ma akwai laka. Wurin Doguwa ne. Tun kakanninmu ba a ɗaukar ko tsinke a wurin, yunwar nan ma ba ta kai kowa ba. Ban ce ki tahi ba."

Tani ta san Doguwa, iskar daji. A gidansu ma ba a kiran sunanta da ƙarfi, kuma kowa ya san shanye jiki take yi wa wanda ya taɓa kayanta. Ta tashi ta karɓi aron ƙwarya a hannun wata mata, ta nufi tsamiyar. Ba wanda ya kira ta.

Wurin shiru, da sanyi. Ƙarƙashin inuwar, ganye-huɗu na nan kore shar, siriri, ta duba gindinsa ta ga ƙwanso jefi-jefi, duk ɗanye. Zuciyarta ta yanke. Ta zagaya bayan itacen, inda rana ke bugu, sai ga laka ta tsattsage, tsagogin cike da baƙin ƙwanso na shekara da shekaru wanda ba hannun da ya taɓa. Ta durƙusa ta fuskanci tsamiyar.

"Uwar gida, ba raini ya kawo ni ba. Ba ni da abin yanka. In sai an biya da jiki, ga nawa, ki bar na ɗiyata."

Ta jira. Kurciya ce kawai ke kuka a sama. Ta sa hannu a tsaga ta fara zarowa. Gefen lakar kaifi gare shi kamar fasasshen tulu, kafin ƙwarya ta cika yatsunta duk sun yi jini. Ta cika ƙwarya, ta kwance ɗankwali ta cika, ta ɗaure gefen zane ta cika. Duk sanda gwiwarta ta yi sanyi sai gabanta ya faɗi, ta miƙe ta gwada takawa, ta sake durƙusawa.

Da ta iso Maraɗi ba ta zauna ba. Atika ta hura wuta, suka zuba yashi a kasko. Ƙwanson ya fara ƙara yana tsalle, wani ƙamshi ya tashi kamar na gyaɗa da ta kusa ƙonewa. Suka daka, suka sheƙe, suka wanke, suka dama da dusa. Tani ta ɗanɗana, ta zauna tana sauraron jikinta kafin ta yarda a ba yara. Lami dai ba ta tashi ba, amma Atika ta ce da safe ta motsa yatsun ƙafa. Tani ta raba kayan biyu ta bar musu rabi. Ta so ta kwana kusa da ɗiyarta, ta tuna tsohuwa, ta ɗauki ƙwarya.

Ta tarar da Dada jingine da bango, don kwanciya ta gagare ta. Kumburin ya hau har ciki, leɓunanta sun yi duhu. Tani ta haɗa wuta nan ƙofar ɗakin, ta ɗora kasko. Da ƙamshin ya shiga ɗaki, tsohuwar ta buɗe ido.

"Shi ne," ta ce, tana haki tsakanin kalmomi. "Haka gidanmu ke yi. Wuta ce na mance, ɗiyata. Wuta."

"Ba laihinki ba ne, Dada. Sha."

"Lami fa?"

"Tana wurin Yaya Atika. Ta fara motsa ƙafa."

Dada ta kurɓi kaɗan, sauran ya zubo ta gefen baki. Ta tambayi ko gawon bakin tabki na nan, Tani ta ce yana nan, ta kuma gaya mata Maidawa ya tambaye ta. Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ba ta kai jibi ba. Maza sun yi ƙaranci a unguwar, sai tsofaffi biyu da mata suka haƙa kabarin, bai yi zurfi ba.

Tani ta bi gida-gida tana nuna wa mata kasko da yashi. Na tabkin Tsibiri in an gasa an sheƙe ɗan abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, amma ya bar kayar da mutane. Dattijon maƙwabta ya rasu, wasu yara biyu da suka fara tuntuɓe suka warware. Tani ta sake komawa gindin tsamiyar Jiratawa, wannan karon da mata uku a bayanta. Biyu suka tsaya daga nesa suka kasa ƙarasawa, ta tsinto ta raba da su.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da Gado ya kawo Lami a kan jakin wani maƙwabcinsa. Ya sauke ta a ƙofar gida, ta tako zuwa wurin uwarta da kanta, tana jan ƙafar hagu. Haka ƙafar ta zauna mata har girma. Gado ya kuma ajiye ɗan ƙunshin hatsi, ya ce iri ne, kada a kai shi turmi ko mi ya faru.

Nomau ya komo bayan ruwan farko, ba gatari, da tari a ƙirji, wuyansa kamar na zakara. Ya tsaya tsakar gida ya ga ɗakin uwarsa an jingine masa zana a ƙofa. Ya dubi Tani. Ta sunkuyar da kai.

"Yaushe?"

"Cikin bazara."

"Wa ya rufe ta?"

Ta faɗa masa sunayensu. Ya zauna a kan turmi, ya jawo Lami ya ɗora a cinya, yana shafa ƙafar ba tare da ya tambaya ba. Tani ta kawo masa abin da ke tukunya, ya ci bai ce mene ne ba. Da ya gama ya tashi ya bi gidajen mutanen da ta ambata ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ƙasa na da sauran danshi. Ya ɗauki sungumi, ita ta ɗauki ƙunshin irin. Yana sara yana tsayawa ya yi tari, tana biye tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige. Irin ya ƙare ba su kai tsakiyar gona ba.